Laifuffukan Ɗan Fari

Da yayanmu ya rasu, kowa a gidanmu ya yi kuka, har da mai kawo mana ruwa a garwa, amma ban da wadda ta haife shi. Dada ko ƙwalla ba ta yi ba.

Hamma muke ce masa, shi ne ɗan farinta. Direban babbar mota ne, yana kwasar auduga daga nan Gombe ya kai Kudu, ya juyo da siminti, don a lokacin kuɗin fetur ya shigo ƙasa, kowa gini yake yi, wanda bai kai ga gini ba ya sayi babur da rediyo. A wata dawowa ce motar ta faɗi da shi, aka kawo mana shi a lulluɓe. Shekarunsa talatin da 'yan kai.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba sai ya ce Dada ba ta da imani. Wallahi tana da shi. Bafulatana ce ta ainihi, kuma a wajensu uwa kunyar ɗan farinta take ji. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yaba shi a gaban kowa. Ana yaye shi aka miƙa wa Goggo, yayar babanmu, wadda katanga ɗaya ce ta raba gidanta da namu a Tudun Wada. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Dada ta ce "ɗana" ba. "Wancan" take cewa, in ta matsu ta ce "na Goggo". In ya dawo daga tafiya, sai ya ajiye mata tsaraba a kan turmi, ya tsuguna daga nesa ya gaishe ta, ita kuma ta amsa tana kallon kajinta.

Har a zaman makoki ba ta sake ba. Mata su shigo su durƙusa su ce, "Dada, ya haƙuri?" sai ta nuna Goggo da haɓa ta ce, "Ga mai haƙuri can." Goggo kuwa ta karɓi aikin hannu bibbiyu. Ta yi nata kukan, ta yi na Dada, ta ƙara da na dangin da ba su samu zuwa ba, har sai da limamin unguwa ya aiko a ce ta rage murya.

Bayan sadakar arba'in muka lura Dada ta daina cin abinci. Ba ta ce ta daina ba. In an kai mata tuwo ta ce ta ci ɗazu, in an dama fura ta kai baki ta ajiye. Matar da ba ta wuni ba ta sha fura ba! Awarwaronta ya soma zamewa har gwiwar hannu. Na kai ta asibiti, likita ya duba ya ce bai ga ciwo ba, ya ba ta maganin ƙarin jini. Ta miƙa wa Goggo, Goggo ta shanye ta yi ƙiba. Na karɓo mata rubutu wajen malam, ta sha don ba ta ƙin sunan Allah, amma rubutu ba tuwo ba ne. Babanmu ya riga ya rasu da daɗewa, babu wanda zai tsawatar mata. Tsoro ya kama ni ƙwarai, na ga in aka ci gaba a haka, kafin damina ta fita za mu sake shimfiɗa tabarmin makoki.

Lokacin ina aikin buga tafireta a wani ofishin gwamnati. Wata abokiyar aikina ta ga na buga takarda ɗaya sau huɗu ina yagawa, ta tambaye ni, na gaya mata. Ita ce ta ba ni labarin wata mata da ake ce wa Sista, tsohuwar nas ce 'yar ƙasar Tangale, ta je Ingila ta koyo aikin rarrashin waɗanda aka yi wa rasuwa, ta dawo ta kama ɗaki a hanyar tasha, tsakanin shagon tela da kemis.

Na ce, "Me take ba mutum?"

"Ba komai. Zama za ki yi ki faɗi abin da ke ranki, ita kuma ta saurara. Awa ɗaya. Abin da kika faɗa kuma a ɗakin zai tsaya."

"Kuma a biya ta?"

"A biya ta mana."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce kuɗin fetur ɗin nan zai haukata mutane, yanzu har kunne ake haya. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Washegari na je na karɓi rana.

Ƙarya na yi wa Dada, Allah Ya yafe mini. Na ce mata likitar cin abinci ce. Ta ce to, amma ba za ta shiga ɗakin baƙuwa ita kaɗai ba, sai da Goggo. Da muka isa, Sista ta fito ta tarbe mu, doguwa, baƙa, da tabarau da farar riga. Ta soma bayani cikin ladabi cewa ƙa'idarta mutum ɗaya ne yake shiga. Kafin ta kai aya Goggo ta riga ta wuce ta zauna a kujerar da ta fi laushi, wadda daga baya muka gane ta Sista ce.

Ɗakin babu abin awo, babu warin asibiti. Kujeru ne masu katifa, da fanka, da tebur ɗauke da agogo da kofin ruwa da hankici a ninke guda a kan guda. Goggo ta leƙa nan ta leƙa can, ta naɗe hannun rigarta ta ce, "Ina allurar? A fara da ni, ita Amarya tsoro take ji." Shekara kusan arba'in da auren Dada, amma a bakin Goggo har yanzu Amarya ce.

Sista ta ce babu allura. Ta jawo kujera ta fuskanci Dada, ta kwantar da murya.

"Dada, yaya kike ji a ranki?"

"Lafiya lau."

"Yaya barci?"

"Alhamdu lillahi."

"Abinci fa?"

"Da godiya."

Dada ta ɗauka gaisuwa ake yi, ta ga bai kamata ta yi ta karɓa ba ta mayar ba. Ta gyara zama ta ce, "Ina gajiya? Ya gida? Ya maigidan? Ya yara? Ya aiki? Ya muka ji da zafi?" Sista ta yi ta amsawa ɗaya bayan ɗaya, har da labarin ƙafar surukarta. Da gaisuwa ta ƙare sai Sista ta haɗa hannuwa a cinya ta yi shiru.

Daga baya ta gaya mini dabara ce aka koya musu. In ka yi shiru ka jira, mutum ba ya iya jurewa, da kansa zai buɗe baki. Na ce mata wanda ya koya musu wannan bai taɓa zama da Bafulatana ba. Dada tana iya wuni a gidan biki ba a ji tarinta ba. Ta sunkuyar da kai ta kama kallon yatsun ƙafarta, Sista tana kallonta, agogo yana tafiya. Na ƙirga furannin labule, na sake ƙirgawa daga ƙasa. Goggo ta jingina, ba a jima ba ta soma minshari. Gumi ya tsattsafo a goshin Sista duk da fanka. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta kurɓi ruwan da aka ajiye don mai kuka. A ƙarshe ita ce ta gaza, ta yi gyaran murya, sai ga agogo ya kaɗa.

A hanya Goggo ta yi ta masifa, wai an cuce mu, ita da take sauraron matan unguwa safe da yamma ko goro ba wanda ya taɓa ba ta. Dada kuwa cewa ta yi, "Matar nan tana da tarbiyya. Ba ta da surutu." Da yamma aka kai mata tuwo, ya dawo yadda aka kai shi.

Mako na zagayowa muka koma. Wannan karon Sista ta shirya, ta fito da takarda da biro, ta ce akwai 'yan tambayoyi da ya kamata a cike tun ranar farko. Idonta a kan takarda ta karanto, "Sunan mamaci?"

Dada ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Goggo ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu! 'Yar nan, a Ingilar aka haife ki? Ɗan farinta ne fa!"

Sista ta ciji leɓe. A nan ƙasar ta tashi, ta san al'adar sarai, takarda ce ta ja ta. Ta ba da haƙuri, ta tsallake, amma layi na gaba bai fi na farko sauƙi ba. Ta karanta a hankali kamar mai taka ƙaya: "Mene ne tsakaninki da shi?"

Dada ta ce, "Maƙwabcinmu ne."

Ni dama ba a san ni da haƙuri ba, tun ina ƙarama. Wata biyu ina kallon uwata tana narkewa, ina dafa abinci ina ba kaji, yau kuma a ce maƙwabci. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Dada, don girman Allah! Wane irin maƙwabci? Ɗanki ne! Ke kika haife shi! Kashe kanki za ki yi saboda fulako, wannan kunyar ta Fulani?"

Ta ɗago ta dube ni. Da ma mari ta yi mini. Ta tashi ta gyara mayafi ta fita, ta taka har gida da ƙafa a cikin rana. Kwana shida ba ta yi mini magana ba, in tana son wani abu sai ta faɗa wa Goggo ta kan katanga alhali ina tsaye a gabanta. A rana ta biyar jiri ya kwashe ta a bakin murhu, Allah Ya sa tana kusa da bango. Na shiga ɗaki na yi kuka, na tabbata ni na ƙarasa ta da bakina.

Na cire rai da komawa wajen Sista. Sai ga shi ranar da mako ya cika Dada ta yi wanka ta ɗaura zanenta na fita, ta sa man shanu a ƙaramar ƙwarya ta rufe da faifai. Ta ce da Goggo, "Ki gaya wa waccan ta tashi mu je. Na fita daga ɗakin mutane ba sallama." Abin da ya hana ta sukuni ke nan duk makon. Haƙuri za ta je ta bayar.

Sista ta karɓi man shanu da hannu biyu ta yi godiya. Babu takarda a kan tebur. Ba ta tambayi Dada komai ba, ta ma juya mata kafaɗa, ta fuskanci Goggo.

"Goggo, ke kika raine shi. Ba ni labarinsa."

An zo wurin. Goggo ta jawo hankicin nan gaba ɗaya ta ɗora a cinya, ta ce bisimilla. Yaro ne mai natsuwa, in ji ta, tun yana goye ba a jin kukansa. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. In yana tuƙi kamar ƙwai ya ɗauko. Ci kaɗan, magana kaɗan. Kyau kuwa, ai duk tashar babu kamarsa. Tana faɗa tana fyace hanci, ni kaina na soma shakkar ko Hamman da na sani take nufi, don Hamma in ya yi dariya a tasha ana jiyo shi a kasuwa.

Daga cikin mayafi muka ji an yi tsaki. Ƙarami ne, amma tsaki ne.

Goggo ta ci gaba, "Natsuwa kam, sai dai a yi koyi da shi."

"Natsuwa," in ji Dada, tana magana da ƙasa. "Hm."

Sista ba ta juyo gaba ɗaya ba. Ta gefen ido ta ce, "Dada, ashe na Goggo yana da laifi?"

"Laifi? Wancan?" Dada ta sauke mayafi. "Mutumin da tun daga kwanar kasuwa yake danna oda sau uku, kajina su watse, kwana biyu ba su yi ƙwai ba?"

A nan na gane abin da Sista ta gano. Al'ada ta hana uwa ta yabi ɗan farinta, amma ba ta hana ta kushe shi ba. Kushewar ma ita ce cikar kunya. Ƙofa ɗaya ce a buɗe, kuma duk mu ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa ta.

Dada ta shiga kawo laifuffuka. Bai iya tsaraba ba. Ya kawo mata atamfa ja da ruwan ɗorawa kamar wata budurwa. Ya kawo abarba ta yanka mata harshe. Ya kawo agogon bango alhali ya san da rana take duba lokaci. Ga kunnuwa kamar faifai, kuma ba a danginsu ya ɗauko ba.

"Amarya, kunnuwan wa kike nufi?" in ji Goggo, tana gyara ɗankwali ya rufe nata.

Dada ko waiwayo ba ta yi ba. Ba ya jira abinci ya huce, kullum sai ya ƙona baki, dole sai an dama kununsa tun da wuri an fifita kafin a miƙa ta katanga. Ba ya cin miyar kuka sai da wake a ciki. Takalminsa na hagu ne yake fara cinyewa saboda ya ƙi gyara tafiya. Yana jariri ba ya barci sai ana yawo da shi. Ranar da za a yaye shi ya cije ta, har yau tabon yana nan. Shekarar da ya yi ƙyanda ya ƙi karɓar magani a hannun kowa, sai da ta riƙa zagayawa bayan ɗakin Goggo, in babu mutane, tana ɗura masa.

Goggo ta saki baki. "Ashe ke ce? Ni ina ta cewa maganin ne yake raguwa da kansa, har na sa aka yi hayaƙi a ɗakin!"

Sista ta toshe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Ni ma dariya nake yi, amma hawaye ne suke zuba. Kunya ta kama ni da tausayi. Shekara da shekaru ina ganin matar nan tana kallon kaji in ya shigo, ashe babu abin da ya wuce ta, har tabon da ke bayan wuyansa ta san ranar da ya same shi.

Agogo ya kaɗa. Sista ta miƙa hannu ta ɗauke shi ta jefa a aljihun tebur ta rufe. Dada ba ta ma ji ba. Ta faɗi yadda yake barin ƙofar zaure a buɗe, da yadda yake ba yaran unguwa alawa su ƙi cin tuwon gidajensu. Muryarta tana ƙara ƙarfi, irin ƙarfin da na manta tana da shi. Can sai ta tsaya, ta dubi tafin hannunta.

"Kuma ba shi da kunya," ta ce. "Ko kaɗan. Ina aka taɓa yin haka, yaro ya wuce gaba ya bar uwarsa a zaune?"

"Astagfirullah, Amarya," in ji Goggo. "Ikon Allah ne."

"Ban ce da Allah komai ba. Da shi nake."

A kan "shi" ɗin muryar ta karye. Uwarsa, ta ce. Da kunnena na ji, karo na farko a rayuwata.

Sista ta miƙe ba motsi mai ƙarfi, ta yafito mu da hannu. An ce a aikinsu ba a barin mai kuka shi kaɗai, amma ta san wannan ba za ta yi a gaban ido ba. Muka fita mu uku, ta jawo ƙofa, muka tsaya a rana a gaban shagon tela kamar waɗanda mai gida ya kora. Sai ga sautin ya biyo ta ƙasan ƙofa. Ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba na fatan in sake ji. Masu wucewa suka soma rage tafiya.

Goggo ta leƙa shagon ta ce, "Kai tela, taka kekenka."

"Hajiya, babu ɗinki a kai."

"Na ce ka taka!"

Bawan Allah ya yi ta taka keke babu ƙyalle, yana kallonmu, har gumi ya jiƙa masa riga.

An daɗe kafin Dada ta buɗe ƙofa. Idanunta sun yi jawur sun kumbura. Ta ce fankar nan ba ta da kyau, ƙura take watsa wa mutane a ido. Sista ta ce gaskiya ne, za ta sa a duba. Suka yi sallama mai tsawo, har da a gaida mai ciwon ƙafa.

Mun kusa shiga layinmu muka wuce wata mai tuyar masa a bakin titi. Dada ta rage tafiya. Ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Ke, sayo min." Da ni take, ba da Goggo ba. Na ruga har ina tuntuɓe. Ta ƙi ci a titi, ta riƙe a cikin mayafi har zaure, a nan ta zauna a dakali ta ci guda uku tana mitar mai ya yi yawa. Ni da Goggo muka kama kallon rufin zaure, kada ta ga muna ganinta ta fasa.

Ta suɗe yatsa ta ce, "Yaushe ne kuma ranar matar nan?"

Na ce, "Dada, ai na ɗauka an gama."

"An gama me? Ko rabi ban faɗa ba. Shekara talatin da biyu ina tara su, ban samu wanda zan kai wa ƙara ba."